Maganin Ranar Lafiya: Yadda Ake Riƙon Yaro Mai Asma a Unguwar Gai

A Unguwar Gai, kamar sauran garuruwan ƙasar Kibiya da Rano, wahalar yaro mai asma tana bin shekara ne daki-daki. Tana somawa da kaka, lokacin sussukar gero da dawa, ƙaiƙayi ya cika iska. Kafin a gama zuba amfani a rumbu hunturu ya sauko da hazonsa, daga Nuwamba har Fabrairu, sanyi ya sa a toshe taga a shigo da kaskon wuta ɗaki. Da bazara a ƙone sassabe, da damina a kunna igiyar leko saboda sauro. Duk uwar da ta taɓa raba dare a zaune, tana jin ƙirjin ɗanta yana fito kamar kukan ɗan kyanwa, ta haddace wannan lissafi. Abin da ba kasafai ake zaunar da ita a warware mata ba shi ne, maganin da zai hana irin wannan dare zuwa ba a daren ake ba da shi ba. Ana ba da shi ne a ranakun da yaro ke guje-guje a tsakar gida, ba tari ba haki.

Ga dalili. Hanyoyin iska na cikin huhu kamar rassan bishiya suke, suna ta rarrabuwa har su zama sirara ƙwarai. A jikin mai asma, cikin waɗannan hanyoyi a kumbure yake ko da yana cikin ƙoshin lafiya a ido. In ƙura ko hayaƙi ko mura ta taɓa su, sai naman da ya kewaye su ya ɗaure tamau, majina ta taru, iska ta rasa hanya, musamman wajen fitowa. Ki dubi murhunki bayan an sauke tuwon dare: harshen wuta ya mutu, amma garwashi yana nan ƙarƙashin toka, kara ɗaya da ɗan kaɗawar iska sun isa wuta ta tashi. Kumburin nan shi ne garwashin.

Shi ya sa maganin shaƙa, wanda muke kira inhela, iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji, salbutamol, wanda aka fi sani da sunan Ventolin, galibi shuɗi. Cikin 'yan mintoci yake sakin naman da ya ɗaure, aikinsa ya kai kimanin awa huɗu, daga nan ya wuce ya bar kumburin yadda ya same shi. Akwai kuma na kullum, mai kwantar da kumburin, irin su bekilometason da budesonayid da fulutikason, wasu ruwan ƙasa wasu ruwan goro. Wannan in yaro ya shaƙa ba ya jin komai ya sauya. Sai an yi mako ɗaya ko biyu ana bayarwa ba fashi kafin a lura tarin dare ya ragu, cikar amfaninsa kuwa sai an haɗa wata biyu zuwa uku. Launi ba abin dogaro ba ne, don kamfanoni sun bambanta. A sa ma'aikacin asibiti ya nuna wanne ne wanne, sannan a ɗaura wa na kullum jan zare, yadda ko wanda bai iya karatun boko ba zai gane shi cikin duhu.

A nan ake yin asarar. Shuɗin yana nuna aikinsa a gaban ido, kowa ya yarda da shi. Na kullum aikinsa shi ne hana abu faruwa, abin da bai faru ba kuwa ba mai ganinsa. Bayan sati uku yaro ya warware, maigida ya ce, "Ai ya warke, a ajiye sauran saboda wata rana." Ba sakaci ba ne, tunani ne na mai tattalin abin da ya sha wuya kafin ya saya. Amma warwarewar nan aikin maganin ce, kuma da an janye shi kumburin zai fara dawowa a hankali, har ranar da mura ta kama yaron.

Likitocin duniya ma sun jima kafin su tsaya a kan wannan magana. Ƙungiyar GINA, wadda aka kafa a 1993 kuma take fitar da ƙa'idojin kula da asma, sai a 2019 ta daina ba da shawarar a riƙe manya da matasa da shuɗin kaɗai, bayan ya tabbata cewa dogaro da shi ba tare da maganin kumburi ba yana ƙara haɗarin mummunan tashi da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a waccan shekara mutum miliyan 262 ke da asma, kuma ta yi ajalin 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ba don asmarmu ta fi ta Turawa zafi ba. Don maganin kullum ne bai isa gidajenmu ba, inda ya isa kuma ba a ɗorewa da shi.

Tsoron da ke hana iyaye

"Kada ya saba da ita." Wannan ita ce kalmar da na fi ji daga bakin kakanni, kuma cikin ƙauna suke faɗa. Wasu kuma sun ɗauka inhela ta wanda ciwonsa ya yi nisa ce, don haka gara na ruwa ko ƙwaya. Mu yi lissafi. Feshi ɗaya na Ventolin maikirogiram 100 ne. Cokali ɗaya na salbutamol na ruwa miligiram 2 ne, wato daidai da feshi 20. Na ruwan sai ya bi ciki, ya shiga jini, ya zaga jiki duka kafin kaɗan ya isa huhu, shi ya sa yake jinkiri, yake sa rawar hannu da bugun zuciya. Na shaƙa kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake. Inhela ita ce hanya mafi sauƙi ga jikin yaro, kuma ba ta sa jaraba irin ta kayan maye. Ba sabon abu ba ce da ake gwaji a kanmu: tun 1956 aka ƙera ta a Amurka, Ventolin ya shigo kasuwa a 1969, bekilometason na shaƙa a 1972.

Akwai magana ɗaya da ya kamata a faɗa wa iyaye ba ɓoye-ɓoye. Maganin kullum dangin sitiroyid ne, kuma bincike ya nuna yana iya rage tsawon yaro da kimanin santimita 1, abin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Ni a ganina wannan ba ya kama ƙafar yaron da ba ya barci, ba ya zuwa makaranta, ana ta ɗura masa ƙwayoyin firednisolon duk wata. Su waɗannan ƙwayoyi da allurar desametason da ake yi a kemis duk sa'ad da ƙirji ya tashi, su ne abin tsoro in an maimaita: suna kumbura fuska, su raunana ƙashi, su daƙile girma. Suna da wurinsu, kwana uku zuwa biyar a mummunan tashi, bisa umarnin likita. Maganin tari kuwa ba ya buɗe ƙirji, mai ɗauke da kodin ma tun Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba shi da aiki a kan asma sai in an tabbatar akwai wani ciwon tare da ita.

Gora da yadda ake shaƙa

Yaro zai iya shan inhela kullum amma maganin bai taɓa isa huhunsa ba. Feshin yana fita da gudu, in ba a ja numfashi daidai lokacin ba sai ya manne a harshe da maƙogwaro. Manya ma suna kuskurensa, balle ɗan shekara biyar. Maganin wannan shi ne gorar shaƙa, wadda a asibiti suke kira sifesa: a fesa maganin a cikinta, ya tsaya yana shawagi, yaro ya ja shi da numfashinsa na yau da kullum.

In ba a samu ta kanti ba, ko kuɗinta ya gagara, gorar roba ta ruwa ko ta lemo mai cin rabin lita ta wadatar. Wannan ba dabarar rashin yadda za a yi ba ce kawai. Dakta Heather Zar da abokan aikinta a asibitin yara na Red Cross da ke Kef Tawun, Afirka ta Kudu, sun gwada ta a kan yara masu asma, suka wallafa a mujallar Lancet a 1999 cewa gorar mililita 500 tana aiki kamar ta kamfani. A samu gora mai ɗan kauri, a wanke. A ɗora bakin inhela a gindinta a zana girmansa. A lanƙwasa waya daidai zanen, a ɗora a wuta ta yi zafi, a danna ta huda gindin. Tun robar tana da laushi a cusa bakin inhelar, don ta kama shi ƙam ba wurin da iska za ta tsere. A yi wannan aiki a waje, nesa da yaron, saboda warin robar da ta narke. Daga nan a wanke gorar da ruwan sabulun wanke-wanke, kada a ɗauraye, kada a goge da tsumma, a kife ta ta bushe da kanta. Sauran sabulun da ya rage shi ke hana magani mannewa a jikin roba. A maimaita irin wannan wanki duk wata, in ta tsage ko ta lotse a yi sabuwa. Kuma a yi ta yau, rana tsaka, yaro yana lafiya; ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda ake bayarwa. Yaro ya zauna a miƙe ko ya tsaya. A cire murfi, a girgiza inhela sosai, a sa ta a gindin gora, gwangwanin yana kallon sama. Yaro ya sa bakin gorar tsakanin haƙoransa ya rufe da leɓɓa. A danna sau ɗaya tak. Ya ja numfashi ya saki ta baki, a hankali, sau biyar zuwa goma, ke kina ƙirgawa da ƙarfi. In feshi biyu aka rubuta, a sake girgizawa, a sake dannawa, a sake ƙirgawa. Kada a danna biyu ko uku a jere don a gama da wuri, na baya yana lalata na gaba. Yaron da bai kai shekara huɗu ba ba zai iya riƙe baki ba, sai an haɗa da abin rufe hanci da baki wanda ya zauna daram a fuska. Wannan a nema a asibiti. Kuma kada a danne shi yana tsala kuka, mai kuka fitar da iska yake yi, kusan ba abin da ke shiga. A rungume shi a cinya, a bar shi ya yi wasa da gorar tukuna, yayarsa ta gwada a gabansa ba tare da magani ba. Bayan na kullum a kurkure baki a tofar, ƙarami a goge masa fuska a ba shi ruwa, don kada farin kurji ya fito masa a baki ko muryarsa ta dushe. Inhelar da ta jima ba a taɓa ba, a fesa sau biyu a iska kafin a ba yaro.

Duk zuwa asibiti ki tafi da inhelar da gorar, ki ce wa ma'aikacin, "Malam, ga yadda nake ba shi, duba mini ko daidai ne." Minti biyu ne, kuma sau da yawa nan ake gano abin da ya sa magani bai ci ba.

Ɗaure magani a jikin abin da ba a mantawa

Mantuwa ba a yaƙarta da niyya, sai da al'ada. Yawancin maganin kullum safe da dare ne, mu kuma muna da agogon da ba ya tsayawa: bayan sallar Asuba da bayan Magariba tazararsu ta yi kusa da abin da ake so. A ajiye inhela inda ake ajiye carbi ko Alƙur'ani, sama da inda ƙananan yara za su kai, a inuwa, nesa da murhu da zafin kwano, domin ba a son ta wuce zafin digiri 30, bazararmu kuwa tana haura 40. In an tsallake lokaci ɗaya kada a ninka na gaba, a ci gaba kawai.

A gidan yawa, abin da aka ce na kowa ne ba na kowa ba ne. A tsayar da mutum ɗaya mai bayarwa, da mutum na biyu da ya iya, saboda ranar haihuwa ko biki ko unguwa. Kakar yaro a jawo ta ciki tun farko, a nuna mata da hannu, don in ba ta gamsu ba maganarta za ta rinjayi ta likita. In yaro zai je hutu Tarai ko Fammar ko Bunkure, maganinsa da gorarsa su riga kayan sawarsa shiga jaka. Ɗan shekara goma yana iya danna wa kansa, amma a gaban babba. Matasa sun fi kowa yin watsi da magani, saboda kunyar a gan su da shi. A yi musu magana a keɓe, ba gaban ƙannensu ba. Malamin boko da na Islamiyya su san yaron yana da asma, shuɗin ya kasance a jakarsa, kuma kada a hana shi ƙwallo. Yaron da aka riƙe asmarsa da kyau yana gudu kamar kowa. Mai karatun dare a tsangaya a zaunar da shi ta inda iska ba ta kaɗo hayaƙin wutar kara.

Da azumi, na kullum ya koma sahur da bayan shan ruwa, ba a rasa komai ba. Shaƙa da rana kuwa malamai sun saɓa a kai, manya irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun ce ba ta karya azumi. Kowane ra'ayi gida ke bi, yaron da numfashinsa ya sarƙe a ba shi magani nan take.

Sai lissafin ƙarewa. Gwangwani yana ci gaba da huci ko da maganin cikinsa ya ƙare, girgizawa a kunne ba ta nuna gaskiya. A duba adadin feshin da aka rubuta a kwali. In 200 ne kuma yaro yana shan biyu da safe biyu da dare, kwana 50 ke nan. In 120 ne, wata guda. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa a jikin kwalin, a nemi sabo saura sati.

Kuɗi kuma ba ƙaramin cikas ba ne. Tun da kamfanin GSK, mai Ventolin, ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya, farashin inhela ya yi tashin gwauron zabi. Sunan kamfani ba shi ne magani ba; a tambayi mai harhaɗa magunguna ko akwai na wani kamfani mai sinadari ɗaya da ƙarfi ɗaya, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kai kuma maigida, ka lura da yadda Allah ya jera lokutan: kuɗin kaka suna shigowa gab da hunturu. Ranar da ka sayar da buhun farko, ka ware na inhelar wata uku kafin komai. Ka auna shi da kuɗin mota da dare zuwa Rano, da gado, da allurai, da kwanakin da za ka bar gona. In duk da haka ya gagara, a gaya wa likita ƙarara maimakon a rage feshi a ɓoye, don kada ya ɗauka maganin ne bai yi ba ya ƙara mai tsada.

Abubuwan da ke tayar da ciwon kowa ya san nasa. Gidan sauro maimakon igiyar leko da fiya-fiya, turaren wuta da kaskon gawayi a bar su waje, a yayyafa ruwa kafin shara, ranar sussuka da shiƙa a aiki yaron wani wuri, mai shan taba ya yi nesa da gida.

Yadda za a gane ana kan hanya, da daren da abu ya ɓaci

Duk ƙarshen wata ki tambayi kanki abu huɗu. Ya yi tari ko haki da rana fiye da sau biyu a mako? Ya farka da dare saboda ƙirji ko sau ɗaya? An ɗauko shuɗin fiye da sau biyu a mako? Ya bar wasa ko makaranta saboda numfashi? Ga wanda bai kai shekara shida ba, fiye da sau ɗaya a mako ma ya isa a ƙirga. In amsar ko ɗaya daga ciki e ce, a koma asibiti. Yaron da ke ƙarar da gwangwanin shuɗi uku ko fiye a shekara yana cikin haɗari ko da ana ganin an saba. In kuwa an yi wata uku lafiya lau, likita ne zai rage magani mataki-mataki, kuma bakin hunturu ba lokacin ragewa ba ne. Tarin da ya wuce sati biyu tare da rama da gumin dare a yi gwajin tarin fuka. Zazzaɓi da numfashi da sauri, 50 a minti ga jariri ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, yana iya zama limoniya.

In ciwon ya tashi, a zaunar da yaro, kada a kwantar da shi. A ba shi shuɗin ta gora, feshi ɗaya-ɗaya: wanda bai kai shekara 6 ba a fara da 2, in abin ya yi tsanani har 6, mai shekara 6 zuwa sama 4 zuwa 10, sai in likitansa ya rubuta wani adadi. Ana iya maimaitawa duk minti 20 har sau uku. Amma in ya kasa magana ko shan nono, in fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya suna lotsawa, in harshe da cikin leɓe sun yi toka-toka, in ya fara lumshe ido don gajiya, ko fiton ya ɗauke alhali yana fama, kada a jira asuba kuma kada a tsaya kemis. A nemi abin hawa zuwa Babban Asibitin Rano ko asibiti mafi kusa mai iskar oksijin, wani ya riƙe yaron a zaune, a ci gaba da ba shi feshin a hanya. Lambar mai mota ko mai babur da zai amsa waya da dare a rubuta ta a kwalin maganin.

In an sallamo shi, a koma cikin kwana biyu ko uku ko da ya miƙe. Yaron da aka taɓa kwantarwa saboda asma, ko wanda ciwonsa ke tashi a kai a kai duk da ana ba shi magani daidai, a roƙi takardar turawa zuwa likitocin yara a Asibitin Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tafi da duk kwalayen da ya sha, har waɗanda suka ƙare, kuma kafin a fito a sa likita ya rubuta a takarda ɗaya: na kullum feshi nawa, shuɗi feshi nawa in ya tashi, da ranar dawowa.